Gandu da gayauna: ta ina yaro ke koyon riƙe kansa?

Magajin_Gandu:
Assalamu alaikum jama'ar wannan zaure. Tambayata ga iyaye manoma ce, maza da mata. Tun bayan rasuwar mahaifinmu ni ke riƙe da gandun gidanmu a wajen Bichi. Gero da dawa da gyaɗa da wake muke yi, sai 'yan tumaki. Yara uku ne suka tasa a gidana: babban ɗan shekara 14, mai bi masa mace ce 'yar 11, sai ƙaramin ɗan 8. Dukansu suna boko suna Islamiyya. Yayana da ke aiki a Kano ya ce kada in kuskura in ba su fartanya, in bar su da karatunsu in ɗauki 'yan ƙwadago. Ni kuma abin da idona ke gani, yaron da ya tashi a gona yana da wata dabara da ba a koyarwa a aji. Igiya ta tsinke ya ƙulla, tunkiya ta ƙi ci ya gane da sauri, ka aike shi kasuwa ba a yi masa wayo. Amma na san waɗanda aka yi wa noma da bulala har suka tsani garin gaba ɗaya, yau ko da sallah ba sa zuwa. To me kuke ba yaro a wace shekara? Kuma ina iyakar koyarwa, ina bautarwa ta fara?

Baba_Na_Kaita:
Wa alaikumus salam. Ɗana, amsarka tana cikin gandun da ka gada, sai dai mutanen yanzu rabinsa suka riƙe suka yar da rabi. Gandu yarjejeniya ce tsakanin uba da 'ya'yansa. Ku fita da sassafe ku yi wa gida aiki har azahar, a kawo muku fura gona, daga nan kowa ya wuce gayaunarsa. Abin da ka noma a gayauna naka ne, mai gida ba ya taɓawa. Shi kuma a wuyansa ci da sha suke, da fartanya da garma, da kuɗin haraji kafin Balarabe Musa ya soke shi a 1979, lokacin mu Katsinawa muna cikin jihar Kaduna, kamar yadda Abubakar Rimi ya yi a Kano. Kuma shi zai yi maka auren fari. Kowa ya san haƙƙinsa.

Ban wuce shekara goma ba aka yanka mini 'yan kunyoyi a gefen gandu, na zuba gyaɗa. A nan na san jigawa ce gyaɗa ke so, a nan na san ɓarnar gara, a nan na san in ka yi sanyin jiki da noman farko ciyawa ta riga ka ke nan. A gandu umarni nake bi. A gayauna ni ke cewa yau za a yi kaza. Mahaifinmu, Allah ya jiƙansa, yakan bi ta wajen ya duba ya wuce, ba ya magana sai na tambaye shi. Da kaka ya raka ni kasuwa, ya tsaya nesa, na yi cinikina da bakina. Ka yanka wa kowannensu nasa, har ɗan ƙaramin.

Sadaukin_Rano:
Baba ya gama magana. Mu ma haka muka tashi, da kuɗin gayauna na sayi kekena na farko. Allah ya jiƙan iyayenmu.

Malama_Mai_Alli:
Baba na Kaita, Allah ya ƙara girma. Ban ƙi taka ba, amma a zamaninku makaranta ba ta cinye safiyar yaro ba. Ni firamare nake koyarwa a ƙauye. Da an yi ruwan shuka aji ke fara zubewa. Jarrabawar ƙarshen shekara a watan Yuli take faɗowa, daidai lokacin da noma ya kankama. A dawo hutu a Satumba, kafin yara su zauna sai ga yankan gero, ga cirar gyaɗa, ga tsinkar wake. Yaro ya kai aji biyar ba ya iya haɗa baƙi, uban kuma ya ce ai bokon ce ba ta da amfani. Ta ina za ta yi amfani yaron ba ya nan?

Dokar ilimin bai-ɗaya ta 2004 shekara tara ta wajabta, shida a firamare uku a ƙaramar sakandare. Yaranka duka uku suna ciki. Ni ba na cikin masu cewa a raba yaro da gona, ɗalibaina da suka fi kaifin lissafi yawanci masu kai kaya kasuwa ne. Amma safiyar Litinin zuwa Juma'a ta makaranta ce. In aiki ya matse a waɗannan ranaku, nan ne maganar yayanka take da gaskiya: ka ɗauki 'yan ƙwadago ko ka kira gayya.

Magajin_Gandu:
Malama na gode. Safiya kam ba na taɓawa. Inda abin ya cushe shi ne Asabar da Lahadi da safe suna Islamiyya, da yamma ma haka kullum, ban da Alhamis da Juma'a. In ka lissafa, yammacin kwana biyu ne da dogon hutu kawai suka rage wa gona. Shi ya sa nake tunanin ko gayauna za ta yi musu yawa.

Ɗan_Kura:
@Magajin_Gandu ba za ta yi yawa ba in ka auna ta da lokacin yaron. Ƙarama wadda zai iya gamawa ta fi babba wadda za ka ƙarasa masa.

Mu nan noman rani ne rayuwarmu tun da aka gama madatsar Tiga a 1974 zamanin Audu Bako, ruwa ya biyo kanal ya zo Kadawa da Kura da Garun Malam. Abin da na lura, fartanya ba ita kaɗai ke gyara yaro ba, lalacewar kaya ma tana gyara shi. Injin ban ruwa ya mutu ana tsakiyar shayar da fangali, makanike yana cikin gari, me za ka yi? Babban ɗana tun yana ƙarami nake cewa ya tsuguna kusa da ni in zan kwance inji. Da fari sifana yake miƙo mini. Daga baya shi ke cire fulogi ya goge, ya wanke kafireto, ya canja baƙin mai. Da aka cire tallafin fetur a watan Mayun 2023 mutane suka fara mayar da injina kan tukunyar gas, a wajen wani maƙwabci ya gani, ya dawo ya ce Baba mu ma za mu iya. Yanzu manoman layinmu shi suke kira, suna ba shi na sabulu.

Kuma su ga asara da idonsu. Shekarar 2016 da tsutsar sharon ta cinye tumatir daga nan har Kaduna, ban ɓoye musu komai ba. Na zaunar da su na faɗa musu abin da muka kashe da abin da ya dawo. Tun daga lokacin ba su taɓa tambayata dalilin da nake raba gona uku ba, tumatir da albasa da alkama.

Mai_Jinya_Gombe:
Ina karanta ku, kuma ina jin daɗin yadda kuke son 'ya'yanku su zama mutane. Amma ni a gadon asibiti nake ganin ɗaya ɓangaren, don haka ku yi haƙuri in faɗi uku.

Maganin feshi ba na yaro ba ne, ko ɗan shekara 14, ko 16. Kada ya goya injin feshi, kada ya dama, kada ya wanke shi, kada a aike shi saye. Jikin yaro ƙarami ne, abin da babba zai sha da ciwon kai shi yana iya kai shi lahira. Alamominsa: yawu yana dalala, gumi, amai, ƙwayar ido ta tsuke, numfashi yana sarƙewa. In ya faru a cire masa kaya, a wanke jiki da ruwa da sabulu, a taho asibiti da robar maganin. Kada a ɗura masa madara ko manja, kada a sa shi amai. Kuma don Allah a daina zuba ragowar magani a robar lemo.

Sai maciji. Da kaka kububuwa ke laɓewa ƙarƙashin dami da tarin gyaɗa, yara kuma hannu suke zurawa. Mu nan Gombe asibiti guda aka ware a Kaltungo saboda saran maciji. A saya musu takalmin roba mai tsawo, a koya musu ɗaga dami da sanda tukuna. In an yi sara ba ɗauri, ba tsaga, ba tsotsa.

@Ɗan_Kura naka na musamman ne: tsargiya. Ƙananan dodon koɗin cikin kanal ke ɗauke da ita, ta fata take shiga. Yaro ya yi fitsarin jini wasu su ce alamar girma ce. Ciwo ne, kuma akwai ƙwayarsa a asibiti.

Ɗan_Kura:
Gaskiya ne Anti, tsargiya kam muna fama da ita a nan, hana yaro wanka a kanal da zafin Afrilu ba ƙaramin aiki ba ne. Feshi kuwa ni kaɗai ke yi a gidana, ranar ma ba mai bina gona.

Baƙon_Legas:
Kowa yana ta yabon gandu. Bari wanda ya gudo daga cikinsa ya yi magana. Ni ma an ba ni gayauna kamar yadda Baba na Kaita ya ce. Na noma riɗi, na yanka, na jingina, na kakkaɓe, na shiƙe da hannuna. Ranar kasuwa mai gidanmu ya ɗauka ya sayar, ya ce gida na da buƙata. Shekara ta zagayo aka maimaita. Ba wanda ya tambaye ni, ba wanda ya ce an ci bashi za a biya. Da na kai sha bakwai na tafi cin rani, ban koma zama ba har yau.

Aiki na iya, wannan ba musu. A nan Legas ba abin da aka ba ni na kasa. Amma wahala ce ta koya mini, kuma ba na so ɗana ya koya ta wannan hanyar. Sannan ku faɗi gaskiya, gonar nawa ta rage? Kakanmu gona ɗaya ya bari, aka raba wa 'ya'ya, aka sake raba wa jikoki. Abin da zai zo hannun ɗana ba zai ciyar da shi wata uku ba. @Magajin_Gandu yayanka ba ƙiyayya yake yi wa noma ba, lissafin gado yake yi.

Baba_Na_Kaita:
Ɗana na Legas, abin da aka yi maka ba gandu ba ne, karya alkawari ne. A garinmu uban da ya ci gayaunar ɗansa dattawa ke kiransa su yi masa faɗa, don sun san ƙarshenta ɗan ya ware. Allah ya huci zuciyarka, ya yafe wa magabatanmu. Maganar ƙarancin ƙasa kuwa ka fi ni gaskiya.

Malam_Na_Zaure:
Ƙarin bayani kan abin da Baƙon Legas ya kawo. In uba ya yi wa ɗansa kyauta, abin ya zama na ɗan. Uba waliyyi ne, yana riƙe masa amana har ya yi hankalin riƙewa. In yunwa ta shigo gida aka taɓa, a gaya wa yaron, kada a ɗauka a ɓoye.

Sai adalci. Hadisin Nu'umanu ɗan Bashir yana cikin Bukhari da Muslim: mahaifinsa ya yi masa kyauta shi kaɗai ya zo neman shaidar Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, Annabi ya tambaye shi ko ya yi wa sauran 'ya'yansa haka, ya ce a'a, sai ya umarce shi da tsoron Allah da adalci tsakanin 'ya'yansa. Na kawo wannan ne don tun da aka fara muhawarar nan maza ake ta lissafawa, alhali mai tambaya ya ce yana da 'ya mace.

Kuma ka sa su su fitar da zakkar gandu da hannunsu: ɗaya cikin goma ga abin da ruwan sama ya shayar, ɗaya cikin ashirin ga na ban ruwa, in ya kai nisabi. Ibada ce, lissafi ne.

Ɗiyar_Maraɗi:
Malam Allah shi saka da alheri, abin da ni ke jira ke nan. Mu nan wajen Agye ɗiya mace da akuya ta ke farawa. Kakata ta ba ni jar akuya, irin tamu ta Maraɗi wadda ku ke ce ma jar Sakkwato, tun ina lakwal, wato makarantar boko. Ni ke yo mata ciyawa, ni ke ba ta dussa da ruwa, ni ke share turkenta in kai takin gona. Wata biyar ta ke ɗaukar ciki, kuma irin nan ta cika yin tagwaye. Ranar da ta fara haihuwa ni kaɗai ce a gida, na ga ɗan ya fito da majina a hanci, na share mishi da tsumma kamar yadda na ga kakata na yi, na kai bakinshi ga nono. Tun ranan na san ina iya wani abu. Da kuɗin ɗiyanta na sayi littattafai har na ƙare kwaleji. Wanda ba ya da abin saye, akwai habbanaye da mu ka koya wajen Fulani: a ba ka aron uwa, ta haihu, ka riƙe ɗiyan ka mayar da ita.

Maganar ƙasa ta ƙanƙance kuma, ga abin da mu ka yi. Iyayenmu da sassabe su ke yi tas. Daga 1983 wani ɗan Ostiraliya, Tony Rinaudo, da ke aiki nan Maraɗi ya fara jan hankalin manoma su bar tohon kututture, su zaɓi 'yan rassa masu ƙarfi su datse sauran. Bayan yunwar 1984 abin ya bazu, mu na ce mishi sassaben zamani. Ku zo Ɗan Saga ku ga gonaki cike da icce. Wannan aikin yara ne sosai, da rani a ke yi, ba ya hana lakwal. Ɗiyana kowa na da iccenshi, ya san gawo da kalgo da sabara da aduwa tun su na toho, ya san gawo da damina ya ke zubar da ganye shi ya sa hatsi ke kyau ƙarƙashinshi.

Uwar_Biyu:
@Ɗiyar_Maraɗi kin burge ni 'yar uwa. Ni a Funtuwa nake, ba ma fita gona, amma bayan ɗaki akwai ɗan fili. 'Yata na ba wa, ta shuka kuɓewa da yakuwa da zogale, ga kaji. Ita ta gano ƙwan kaza kwana 21 yake ƙyanƙyashewa, na zabi kuma sai ya ƙara mako guda, don haka in za ta haɗa wa kaza sai ta fara sa na zabin. Abin da ke karya mata gwiwa shi ne annobar kaji da hunturu, ka wayi gari duk sun sunkuyar da kai. Akwai mai dabara?

Malamin_Gona_Samaru:
Hajiya Uwar Biyu, wannan ciwon riga-kafi ne maganinsa, in ya riga ya kama ba abin da za a yi. Cibiyar binciken lafiyar dabbobi ta Vom a jihar Filato tana yin wanda ake ɗigawa a ido, ki nemi ma'aikacin dabbobi na yankinku kafin sanyi ya shigo. Kazar da aka sayo daga kasuwa kuma a ware ta tukuna.

@Magajin_Gandu ni abin da zan ƙara a kan na Baba shi ne ka mayar da gayaunar wurin gwaji. Ƙaramin ka ba shi ƙwayar iri 100 ya jera a jiƙaƙƙen tsumma, bayan mako ya ƙirga waɗanda suka tsiro. Ya yi maka gwajin iri, ya kuma fahimci kashi cikin ɗari kafin Malama Mai Alli ta rubuta a allo. Babban ka ba shi gyaɗa iri biyu, taku ta gida da ɗaya daga cikin na cibiyar binciken aikin gona ta IAR da ke nan Samaru, irin su SAMNUT 24 mai saurin nuna. Kunya a jere, rana ɗaya, taki ɗaya. Ya rubuta ranar shuka, ranar fure, kwano nawa kowace ta bayar, harawar wacce tumaki suka fi so. Kada ka gaya masa wadda za ta ci. Wataƙila ma ta gidan ce.

Ka koya musu zagayen gona da ido. Tsutsar masara da ta shigo ƙasar nan a 2016 cikin kunnen masara take ɓuya, kashinta kamar dusar katako, yaro ya fi babba saurin gani. Wuta-wuta kuma a tuge ta kafin ta yi fure, don tushe ɗaya dubban iri yake zubarwa, kuma suna iya kwana a ƙasa fiye da shekara goma. Yaron da ya san dalilin tugewa ba sai an tsaya a kansa ba.

Na_Tsafe:
Ina bin maganarku hawaye na zubo mini. Mu nan gonakinmu na nesa mun bar su. Inda ake nomawa ma wani wurin sai an biya 'yan bindiga kafin a shuka, a sake biya kafin a girbe. Wa zai tura ɗa? Yarana sun tashi ba su san huɗa ba, ba su san ɗaurin dami ba, ni da ubana ya yi sarkin noma. Abin da na iya yi, na cika buhuna da ƙasa da taki a tsakar gida suna shuka tattasai da albasa, ga rago guda suna turkawa. Ku da kuke da zaman lafiyar zuwa gona da 'ya'yanku, ku kai su.

Sadaukin_Rano:
Innalillahi. Allah ya kawo muku ƙarshen wannan masifa ɗan uwa, ya mayar da ku gonakinku lafiya.

Malama_Mai_Alli:
Amin ya Allah. Na Tsafe, abin da kake yi da buhunan nan ba ƙarami ba ne.

Dillalin_Dawanau:
Allah ya ba da lafiya a Zamfara. Ni ta ɓangaren kasuwa zan shigo, don a nan nake ganin manomi ya sha wahalar wata biyar ya zubar da ribar cikin minti biyar. Yaron da ya iya noma bai iya sayarwa ba, wani yake yi wa aiki. Ranar da ba makaranta ka tafi da su kasuwar Bichi, wata rana ka kawo su nan Dawanau su ga inda riɗi da zoɓo suke tafiya, har Meziko ake kai zoɓon nan. Su ga yadda ake soka buhu a duba tsakuwa da danshi, su san bambancin kwanon awo da sikeli.

Sai ajiya. Wake da kaka arha yake, in ya kai bazara yakan tashi, amma ƙwaro ke riga mutum. Buhun nan mai ciki uku na PICS, wanda jami'ar Purdue ta Amurka ta fara yaɗawa a 2007, leda biyu a ciki buhu a waje, ba ya son magani ko kaɗan. Wake ya bushe sarai, a matse iska, a ɗaure kowace leda daban, ƙwaro ya mutu don rashin iska. Yarinya 'yar 11 za ta iya. Ka bar ta ta zaɓa, ta sayar yanzu ko ta ajiye. Ka dai gaya mata ba kowace shekara ajiya ke riba ba, mun ga shekarun da farashi ya karye a hannun masu ajiya.

Magajin_Gandu:
Jama'a Allah ya saka da alheri, na ƙaru ƙwarai. Na zauna da uwarsu mun tattauna. Babban zan yanka masa kusa da hanya inda zai iya zuwa da keke bayan la'asar, shi da kansa ya ce gyaɗa yake so, zan nemo iri biyun da Malamin Gona ya faɗa. Yarinyar akuya ta zaɓa tun kafin in gama karanta mata labarin 'yar uwarmu ta Maraɗi, amma ta ce ita ma tana son kunyar wake. A nan muka rabu da uwarta, ita tana ganin ta fara girma, zuwa gona ya isa haka. Ƙaramin gwajin iri da tsaron kaji. Yayana na tura masa duk abin da aka rubuta, ya ce maganar Baƙon Legas ce kawai ya yarda da ita.

Ɗiyar_Maraɗi:
Ka ce ma uwarta ta yi haƙuri ta bar ta, tun da tare da kai za ta tafi ta dawo. Gobe in gado ya zo tana da rabonta cikin gonar nan. Mata nawa ne 'yan uwansu maza ke nome musu gona su kawo abin da su ka ga dama, don ba su san ko iyakarta ba?

Uwar_Biyu:
Ni kuma ina bayan uwarta a nan. Kowane gari da yadda yake kallon abu, ita ta san mutanen da take zaune da su. Ana iya nuna wa yarinya iyakar gona ba tare da ta riƙa duƙe a ciki ba. Waken a noma mata, ita ta riƙe ajiya da sayarwa.

Baƙon_Legas:
Yaya Magaji, abu biyu. Kuɗin gyaɗar a hannun wa zai zauna? Ka faɗa masa tun yanzu, gaban uwarsa. Na biyu, har yanzu ban ji wanda ya ce me za a yi ba in yaro ya buɗe baki ya ce shi ba ya son noma.

Baba_Na_Kaita:
Aikin gandu ba a tambayar yaro ko yana so, tuwon da yake ci daga nan ya fito, zai kama daidai ƙarfinsa. Gayauna ce ba a tilastawa. In ya ƙi ta, ka nemi abin da hannunsa ke so. Cikin ƙannena akwai wanda ya ƙare a maƙera, shi ya riƙa yi mana fartanya har ya tsufa.

Malama_Mai_Alli:
Baba, "daidai ƙarfinsa" ɗin nan wa ke aunawa? Duk uban da ya cire mini yaro daga aji haka yake cewa.

Ɗan_Kura:
Malama ni ma'aunina shi ne in ya dawo yana iya buɗe littafi da dare bai yi barci a kai ba. In ya kasa, na yi masa yawa, gobe sai in rage. Na biyun yarana ma irin wanda Baƙon Legas ke faɗa ne, ƙasa ba ta dame shi ba, amma tun da maƙwabcinmu ya kafa famfon sola yake manne da mai haɗawar. Na bar shi yana binsa ranar Asabar in an tashi Islamiyya. @Malamin_Gona_Samaru in ka leƙo, akwai inda ake koya wa yara irinsa wannan aikin da takarda a nan kusa, ko sai ya gama sakandare tukuna?